Tsakanin Ƙashi da Ƙashi

Ƙarfe biyun dare, wutar gari ta ɗauke,
injin asibiti ya yi tari, ya kama.
Daga Dirum aka kawo shi a bayan babur,
kwanansa talatin da ɗaya a duniya.
Maɗiga ta taso, jiki rau da zafi,
tun azahar ya saki nono.

Majo Cima ta dube ni ta saman tabarau:
"Lokotoro, sai an ɗebi ruwan baya."
Na waiga in ga lokotoron da take nufi.
Ni kaɗai ne a ɗakin.

Watana huɗu da karɓar takarda.
Na san zanen, ko a barci zan ƙirga gaɓoɓin.
A Yamai na soki ɗan roba ya fi sau goma,
amma ɗan roba ba ya banƙarewa,
ba shi da uwa a bakin ƙofa.
A jikin mai rai, sau biyu tak:
ɗaya, hannun malamina yana bisa nawa,
ɗaya, jini ya fito, aka ce in matsa gefe.

Uwar ta riƙe mini bakin riga.
"An ce wanda aka soka a baya
ba ya taka ƙasa har abada."
Na ce laka tana ƙarewa daga sama,
allura tana shiga can ƙasa da ita.
Bakina ya faɗi gaskiya.
Gwiwoyina ne ba su ji ba.

Ubana baduku ne a Birni.
Yakan rufe ido in zai huda fata,
ya ce ɗan yatsa ya riga ido sanin wuri.
Ya ce fatun akuya arba'in ya ɓata
kafin basilla ta yarda da shi.
To Baba, ni wace fata aka ba ni in ɓata?

Majo ta lanƙwasa jinjirin
har ya koma jinjirin wata.
"Numfashi nawa ne, ina kallo.
Kai dai nemi ƙofa."
Bayan nan duka bai kai tafin hannuna ba.
Na shafa magani, na laluba ƙugu,
na aza babban yatsa a wani ɗan kwari
da bai fi ƙwayar gero faɗi ba.
Bismillahi.

Ƙashi.
Na ji shi har cikin haƙorina.
Wani abu a cikina ya ce ajiye, kira babba.
Babba yana Matamaye wajen ta'aziyya.
Na ja baya kaɗan, kamar faɗin gashi,
na karkata, na nufi cibiya,
sai na ji wani ɗan saki marar sauti,
irin wanda Baba ke jira da ido rufe.

Na zare ƴar sandar ciki. Shiru.
Mu mutanen Damagaram mun iya jiran ruwa.
Mun kwana da jarka a bakin famfo,
mun san yadda ake zura wa baƙin ƙarfe ido
ana roƙonsa a zuci.

Ɗigo.
Wani ɗigon.
Ba garau ba.
Fari-fari, kamar ruwan wankin shinkafa.

Zuciyata ta yi tsalle, na samu!
Kunya ta biyo ta a guje,
don abin da na samu sanƙarau ne.

Kwalba uku. Auduga. Filasta.
Kafin ladan ya yi gyaran murya
magani ya fara bin jijiya.

Sai da na zo rubuta suna a kwalba
hannu ya tuna da rawar da ya bi ni bashi.
Majo ta karɓi biron, ta rubuta: Ilyasu.
"Wanke fuska, ka sha ruwa," in ji ta.
"Bazara yanzu ta kama, wani na hanya."

Uwar ta leƙo. Ba ta tambaye ni komai ba.
Ta kama ƴar ƙafar, ta sosa tafin,
yaron ya shure ta.